Ƙarin ruwa magani ne, yana da adadi da lokacin tsayarwa

A yawancin garuruwanmu, da zarar zazzaɓi ya kwantar da mutum kwana biyu ko kasala ta dame shi, abin da dangi ke fara nema shi ne a ƙara masa ruwa. Wasu a gida ake ɗaura musu, a rataye leda a ƙusa, a zuba mata allurar bitamin ta koma ruwan ɗorawa, sannan hankalin kowa ya kwanta. Ya kamata mu ma'aikatan jinya mu riƙa faɗin gaskiyar lamarin ba tare da jin nauyi ba: ruwan da ake sa wa a jijiya magani ne kamar kowane magani. Yana da iri, yana da adadi, yana da saurin da ya dace ya tafi da shi, kuma akwai lokacin da dole a rufe shi. Abin da aka sha ta baki hanji yana karɓarsa a hankali, wanda kuwa aka sa a jijiya kai tsaye yake faɗawa cikin jini, babu mai iya janyo shi.

Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne, na jariri ya fi haka. Mutum mai kilo 60 yana ɗauke da kusan lita 36. Kashi biyu cikin uku na wannan ruwa, wato lita 24, yana cikin ƙwayoyin jiki ne. Sauran lita 12 na waje, kuma daga cikinsu kusan lita 3 kacal ke zagayawa a jijiyoyi a matsayin ruwan jini. Abin da ke hana ruwan nan cakuɗewa shi ne gishirin da ke narke a cikinsa. Sodiyam ne ke riƙe ruwan waje, ma'auninsa a jini milimol 135 zuwa 145 a kowace lita. Fotasiyam yawancinsa a cikin ƙwayoyi yake, wanda ke cikin jini ɗan kaɗan ne, 3.5 zuwa 5.0, amma da wannan ɗan kaɗan ɗin zuciya ke daidaita bugunta. Duk inda sodiyam ya nufa, ruwa zai bi shi. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci dalilin da ya sa ledojin ƙarin ruwa uku, nomal salin, Ringa da dekstros, da ke kan kanta ɗaya ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da yake a ido duk fari ne tas.

Nomal salin yana da giram 9 na gishiri a kowace lita, sodiyam 154 da kuloraid 154, ba komai bayan haka. Yana zama a ruwan waje, kuma kusan kwata na abin da aka sa ne ke tsayawa a jijiya. Idan aka yi ta zuba shi lita bayan lita, yawan kuloraid ɗinsa yana ƙara wa jini tsami. Ruwan Ringa, wanda ake kuma kira Hartmann, ya fi kama da ruwan jini: sodiyam kusan 130, fotasiyam 4 zuwa 5, ɗan kalsiyam, da laktet kusan 28 wanda hanta ke juyawa zuwa abin da ke rage tsamin jini. Sai dekstros mai kashi 5, wanda mutane ke kira ruwan ƙarfi. Giram 50 na sukari ne a lita, ke nan ledar mil 500 giram 25 ke cikinta, kwalbar lemo ɗaya ta fi ta sukari. Da jiki ya ƙone sukarin, abin da ya rage zallar ruwa ne, ya watsu ko'ina har cikin ƙwayoyi, bai kai mil 100 ba ke tsayawa a jijiya daga lita guda. Saboda haka wanda jininsa ya faɗi don gudawa ko zubar jini, aka ɗaura masa dekstros, an ɓata masa lokaci ne. In kuwa aka yawaita shi, musamman ga yaro, sodiyam zai sauka, ƙwaƙwalwa ta kumbura, a ga ciwon kai, amai, barci mai nauyi, sannan taune-taune.

Babu inda wannan ilimi ke nuna kansa kamar a lokacin amai da gudawa. Dama ta nan ƙarin ruwa ya samo asali: a 1832 likita Thomas Latta ya fara ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri a jijiya a garin Leith na Sikotilan. A 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara da ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kwalara ba guba take kai wa zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, ruwa da gishiri take tatsewa. Baligi na iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya, gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, tana tafe da sodiyam, fotasiyam da bayikabonet. Idan ba a mayar ba, mai tsananin cutar na iya rasuwa cikin sa'o'i. Idan aka mayar yadda ya kamata, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Matakin farko ba neman jijiya ba ne, duba mara lafiya ne. Abubuwa huɗu ake kallo: yanayin hankalinsa, idanunsa, yadda yake shan ruwa, da fatar cikinsa idan an tsunkula an saki. Wanda ya galabaita ko ya fita hayyacinsa, ido ya faɗa, ba ya iya sha, fata ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, rashin ruwansa mai tsanani ne, jijiya yake buƙata. Wanda kuwa yake ta ƙorafi ko rigima, yana fizgar kofi da ƙishi, fata na komawa a hankali, wannan ORS, ruwan gishiri da sukari na sha, ne maganinsa: mil 75 a kowane kilo cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 zai sha mil 750. Da cokali ake ba ƙaramin yaro, cokali ɗaya kowane minti ɗaya zuwa biyu. Ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Uwa ta ci gaba da ba da nono. A haɗa da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

Na san yadda iyaye ke kallon kofin ORS, kamar ba a yi wa ɗansu komai ba. A gaya musu abin da ke ciki. Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana ba da sodiyam 75, gulukos 75, fotasiyam 20 da sitret 10 a lita. Fotasiyam ɗinsa ya ninka na ruwan Ringa sau huɗu ko fiye. Sukarin kuma ba don daɗi aka sa ba, hanji na jan sodiyam da gulukos tare ne ta ƙofa ɗaya wadda gubar kwalara ba ta rufewa, ruwa kuma ya bi bayansu. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, ya koma ba da ruwan gishiri da sukari ta baki, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Abin kiyayewa shi ne awon ruwan haɗi. Ƙunshin lita guda a lita guda ake zuba shi, wato ledar fiya wata biyu masu mil 500. Uwar da ta juye ƙunshin a kofi ɗaya don ya yi ƙarfi ta haɗa wa ɗanta ruwan da zai ɗaga masa sodiyam ya ƙara tatse shi. Abin da ya kwana awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Ga mai tsananin rashin ruwa, adadin shi ne mil 100 a kowane kilo, ruwan Ringa, in babu shi nomal salin. Kashi biyu ake raba shi. Wanda ya kai shekara ɗaya zuwa sama, har baligi, mil 30 a kowane kilo cikin minti 30, sannan mil 70 a kowane kilo cikin awa 2 da rabi. Jaririn da bai kai shekara ba, mil 30 ɗin cikin awa 1, mil 70 ɗin cikin awa 5. A ɗauki magidanci mai kilo 60: lita 6 ke nan, leda 12 masu mil 500, kuma mil 1,800 na farko cikin rabin awa ake so su shiga. Wannan ba zai yiwu da shuɗiyar kanula ba, wato siririyar robar da ake sa wa a jijiya. Kanula mai lamba 16, mai ruwan toka, ko 18, koriya, ake nema, a babbar jijiyar gwiwar hannu, sau da yawa ma hannu biyu a lokaci guda, a buɗe makulli gaba ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a nan tsoro ne: a ɗaura leda ɗaya tana ɗiga a hankali ga mutumin da ke bin bashin lita 6, ƙodarsa ta tsaya kafin asuba. Ana duba bugun jijiyar wuyan hannu kowane minti 15 zuwa 30. Idan bayan kashin farko har yanzu ba a jin bugun sosai, a maimaita shi. Da zarar ya iya haɗiya, a fara ba shi ORS, mil 5 a kowane kilo a awa, ledar na tafiya. Sannan a tuna mil 100 ɗin nan bashin baya ne kawai, gudawar da ke ci gaba lissafinta daban. Amfanin gadon kwalara mai rami da bokiti mai awo a ƙarƙashi ke nan. Inda jijiya ta gagara kuma babu wurin turawa kusa, robar hanci na iya ceton rai: ORS mil 20 a kowane kilo a awa, har awa 6.

Lissafin ɗigo

Yawancin asibitocinmu babu injin tura ruwa a kowane gado, ido da agogo ne. A jikin ledar da igiyar ta zo ciki an rubuta ɗigo nawa ke yin mil ɗaya. Igiyar manya yawanci 20 ce, akwai masu 15, ta yara mai ƙaramar kwalbar awo kuma 60. Lissafin ɗaya ne: yawan ruwa sau lambar ɗigo, a raba da mintocin da aka ɗiba. Mil 500 cikin awa 4 da igiya mai 20: 500 sau 20 ya ba da 10,000, a raba da 240, ɗigo 42 a minti. Jariri ɗan wata 9 mai kilo 8 da ke da tsananin rashin ruwa zai karɓi mil 240 a awar farko, ɗigo 80 a minti da igiya mai 20, sannan mil 560 cikin awa 5, wato mil 112 a awa, ɗigo 37 a minti. Igiya mai 60 tana da sauƙi guda: adadin mil a awa shi ne adadin ɗigo a minti.

Saita ɗigo sau ɗaya a tafi ba ya isa. Mara lafiya ya lanƙwasa hannu ruwan ya tsaya, ya miƙe ya kwarara. An ɗaga sandar sama ya ƙara gudu. Wani lokaci mai jinya ne ke murza makullin da dare don ledar ta ƙare da wuri a huta, kuma ba mugunta ba ce, ba a yi masa bayani ba ne. A manna filasta a jikin leda, a ja layin inda ruwa ya kamata ya kai kowace awa, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Ga ƙaramin yaro kada a bar cikakkiyar leda a buɗe a kansa, a zuba na awa ɗaya ko biyu a kwalbar awo a rufe na sama. In ledar da aka tsara wa awa 8 ta makara, ba a buɗe ta don a cimma lokaci. A sake lissafi, a sanar da likita.

Ruwan riƙe jiki ga wanda ba ya ci ba ya sha daban yake da na biyan bashi. Baligi na buƙatar mil 25 zuwa 30 a kowane kilo a yini, da kusan milimol 1 na sodiyam da 1 na fotasiyam a kowane kilo. Mai kilo 60 bai wuce mil 1,800 ba, kuma leda ɗaya ta nomal salin, mai sodiyam 77, ta riga ta biya masa gishirin yini. Leda shida a kullum kwana uku a jere ita ke kawo kumburin ƙafa da nauyin ƙirji da ake gani bayan tiyata. Ga yara ana bin lissafin Holliday da Segar na 1957: mil 100 a kowane kilo na goman farko, 50 na goma ta biyu, 20 ga abin da ya haura. Yaro mai kilo 14 zai samu mil 1,200 a yini, mil 50 a awa.

Fotasiyam na son a tsaya a kansa. Gudawa, amai da maganin sa fitsari irin furosemide duk suna zubar da shi. Alamar ya yi ƙasa: gaɓoɓi su saki, yaro ya kasa riƙe wuya, ciki ya kumbura ya yi shiru, bugun zuciya ya rikice. Hanya mafi aminci ta mayar da shi ta baki ce, da ORS, ayaba da abinci. Idan dole sai ta jijiya, ƙa'idojin ba su da sassauci. Ba a taɓa tura fotasiyam kuloraid da sirinji kai tsaye, domin yana tsayar da zuciya nan take. A jijiyar hannu kada ya wuce milimol 40 a lita, kuma a ɗakin da babu na'urar kallon zuciya kada gudunsa ya wuce milimol 10 a awa. Kada a zuba shi a ledar da ke rataye, ya fi ruwan nauyi, zai kwanta a ƙasa ya shiga a dunƙule. A sauke ledar, a zuba, a juya ta sama da ƙasa sau da yawa, a rubuta a jikinta. Kafin duk wannan a tabbata mara lafiya na fitsari, domin ƙodar da ta tsaya ba ta da hanyar fitar da rarar. Kwalabensa kuma a raba musu wurin ajiya da na ruwan haɗa allura, sun yi kama ƙwarai.

Akwai waɗanda lissafin mil 100 a kilo zai kashe. Na farko yaro mai tamowa mai tsanani. Idonsa a faɗe yake dama, fatarsa a sake take ko ba gudawa, don haka alamomin da muka saba da su suna ruɗi. Zuciyarsa ta yi rauni, jikinsa cike yake da sodiyam, fotasiyam kuma ya ƙare. Ta baki ko ta robar hanci ake mayar masa da ruwa, da ReSoMal, ruwan sha na musamman ga masu tamowa, mil 5 a kowane kilo kowane minti 30 na awa 2, sannan mil 5 zuwa 10 a kowane kilo a awa ana musanyawa da madarar masu tamowa ta F-75. In kwalara ce ke damunsa, ORS na yau da kullum ake ba shi, don sodiyam ɗin ReSoMal ba zai isa ba. Jijiya sai idan jininsa ya faɗi har ya galabaita ko ya suma, kuma mil 15 ne a kowane kilo cikin awa guda, ruwan Ringa mai haɗe da dekstros. Ana ƙirga numfashi da bugun zuciya kowane minti 5 zuwa 10. Numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugu ya ƙaru da 15, a rufe ruwan.

Na biyu yaro mai zazzaɓi mai tsanani wanda ba gudawa ce ta tatse shi ba. An daɗe ana ganin tura masa ruwa da sauri taimako ne, har sai da binciken FEAST ya fito a 2011. An yi shi a Kenya, Yuganda da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, da yawansu masu zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. Cikin awa 48, kusan kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka tura wa ruwa da sauri sun rasu, waɗanda ba a tura wa ba kashi 7.3. Yaran nan irin waɗanda ke cika ɗakunanmu ne daga Agusta zuwa Oktoba. Wanda tafin hannunsa ya yi fari fat yana haki, jini yake buƙata, ruwa zai ƙara tsinka ɗan abin da ya rage masa. Haka mai ciki da hawan jini ya kai ta ga jijjiga, huhunta na saurin cika, shi ya sa ake taƙaita mata ruwa a kusan mil 80 a awa in ba zubar jini take yi ba. Tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu ciwon ƙoda su ma da taka-tsantsan ake bi da su.

Alamar ruwa ya yi yawa tana fara bayyana a numfashi tun kafin ƙafa ta kumbura. Numfashi ya ƙara sauri, tari ya taso, mara lafiya ya ƙi kwanciya sai zaune, jijiyoyin wuya su tashi, fatar idon yaro ta kumbura, a ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu. Nas ba ta jiran izini kafin ta rufe makulli. A rufe, a bar kanular a wurinta, a zaunar da shi, a sa iskar oksijin, a kira likita.

Wurin kanular kansa a duba shi a kowane zagaye. Kumburi mai sanyi da ɗigo mai jan ƙafa na nufin ruwan ya bar jijiya yana taruwa a nama. Ja, zafi da jijiya mai tauri na nufin ta kumbura. Duka biyun a cire a canza wuri, ba a matsa igiya ko a tura da sirinji don a buɗe hanya. A kore iska daga igiya kafin a haɗa. Leda mai gurɓataccen ruwa, mai yoyo ko wadda kwananta ya wuce a jefar. Jini da nomal salin kaɗai yake tafiya a igiya ɗaya, dekstros na lalata ƙwayoyinsa, kalsiyam ɗin Ringa kuma na iya sa shi gudaji. Saboda wannan kalsiyam ɗin ne ma ba a haɗa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta ceftriaxone da Ringa, abin ya fi haɗari ga jarirai sabbin haihuwa.

Duk wannan ba ya tsayawa sai da takardar shiga da fita, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A shafin shiga a rubuta ruwan jijiya, ruwan da aka narka allurai da shi, jini, kunu, shayi, da ORS. A shafin fita a rubuta fitsari, amai, gudawa, da abin da ke fitowa ta robar hanci ko ta wurin tiyata, da adadi, ba "ya yi fitsari" kawai ba. Baligi ya kamata ya ba da aƙalla mil 0.5 a kowane kilo a awa, wato mil 30 ga mai kilo 60, ƙaramin yaro kuma mil 1. Akwai wanda ke fita ta fata da numfashi ba a gani, rabin lita ko fiye a yini, kuma zazzaɓi da zafin watan Afrilu suna ƙara shi sosai. Awon nauyi kowace safiya da sikeli ɗaya yana kama abin da takarda ta rasa, domin kilo ɗaya da ya ƙaru a dare guda lita ɗaya ce ta ruwa. A ba mai jinya kofi da aka san awonsa da roba mai layi, a nuna mata yadda za ta ƙirga, za ta riƙe lissafin da kyau tunda ita ce a bakin gadon dare da rana.

Wajen miƙa aiki, a faɗa wa mai karɓa ledar da ke rataye ta nawa ce, me aka zuba a ciki, ƙarfe nawa za ta ƙare, da jimillar shiga da fita tun safe. A kowace safiya kuma a tambayi likita a zagaye ko har yanzu akwai buƙatar ruwan. Mara lafiyar da ya farfaɗo, yana sha ba ya amai, fitsarinsa ya dawo, a mayar da shi kan kofi a cire masa kanula a ranar.